Shawara: Ina so in goya 'yata a gaban keke, wace kujera zan saya?

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne, ina aiki a wani shagon kayan gini. Ina da keke irin na hawan dutse mai shok a gaba, na hannu na saye shi, da shi nake motsa jiki a Kornish, wato bakin teku, ranar hutu. 'Yata Ummi ta cika wata 15, nauyinta kilo 10 da rabi, kuma duk ranar da na fito da keken sai ta bi ni da kuka. Ina so in saya mata kujerar da ake ɗaurawa a gaba. Na ga wata ta ƙarfe a kasuwar Sawarik da araha, na kuma ga na roba masu suna a intanet, kuɗinsu ya kusa na keken kansa. Mahaifiyarta kuwa ta ce sam, ko wacce ce, ba za a ɗora mata 'ya a gaban keke ba. Wacce zan saya, kuma me zan ce wa maiɗakina?

Abban Ummi, Jidda

Wa alaikumus salam Abban Ummi. Allah ya raya Ummi, ya sa mata albarka.

Ta ƙarfen nan da ka gani a Sawarik, bar ta inda ka gan ta, dalili na tafe. Masu sunan ma kada ka yi gaggawar tura kuɗi, domin ba kowacce ce za ta hau kekenka ba. Da yawa daga kujerun gaba da ke shan ƙura a saman wadirob lafiyarsu lau. Kwali ne ya iso, aka buɗe, aka tarar mariƙin da ke haɗa kujerar da keken bai dace da wuyan keken ba, ko kuma kujerar ta hau amma mahayin ya rasa inda zai sa gwiwoyinsa. Saboda haka keken za ka fara aunawa kafin ka zaɓi komai.

Ta fuskar shekaru Ummi ta isa. Kamfanonin da ke yin waɗannan kujeru suna rubuta daga wata 9 zuwa shekara 3, nauyi kuma daga kilo 9 zuwa 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa ta ce a jira sai yaro ya cika wata 12, mu ma can muka karkata. Iya zama kaɗai bai wadatar ba, ƙarfin wuya ake dubawa, domin kan ƙaramin yaro ya yi wa jikinsa nauyi, ga hular kwano ta ƙaru, ga girgizar hanya. Sa mata hular a gida ta yi wasa da ita kamar minti goma. Idan tana juya kai dama da hagu ba tare da ya rinjaye ta ba, shi ke nan. Idan bakwaini aka haife ta, ko tana da wata lalura ta ƙashi ko ta jijiya, likitanta ne zai ba da izini, ba mu ba.

Ka kuma yi lissafin tsawon amfanin da za ka ci. Yaro a wannan shekarun yana ƙara kamar kilo 2 zuwa 2 da rabi a shekara, don haka a kan takarda Ummi tana da kusan shekara biyu kafin ta kai kilo 15. Amma sau da yawa tsayi ne ke fara korar yaro daga gaba: wata rana za ka ji hularta tana bugun haɓarka, ko tana tare maka ganin hanya. Ka ɗauka shekara ɗaya da rabi ce, ka cire watannin zafin Jidda da ba za ku fita sosai ba, sannan ka duba ko kuɗin ya yi maka. Idan ana sa ran ƙanne a bayanta, in sha Allahu, lissafin ya fi daɗi.

Mu koma kan ta ƙarfen. Irinsu galibi da ƙugiyoyi biyu ake rataya su a kan keken, ko a matse su da noti ɗaya a jikin firam. Jinginarsu ba ta wuce tsakiyar bayan yaro, ba abin da ya tare gefen kai, maɗaurin kuma zare ɗaya ne a ƙugu, idan ma akwai. Ka taka birki da ƙarfi, rabin jikin yarinya na sama zai tafi gaba, fuskarta ta sami ƙarfen da ke gabanta. Mafi muni shi ne matakin ƙafa. Sanda ce tsirara, ba kariya ba maɗauri, ƙafa kuma tana lilo kusa da wayoyin tayar gaba. Idan ƙafar yaro ta shiga wayoyin tayar gaba, ciwo biyu ne: dunduniya ta kwaile ko ƙashi ya karye, sannan tayar ta tsaya cak ku tafi ƙasa ta ka gaba ɗaya. Ƙara da cewa ƙarfe ne a rana irin ta Jidda. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai za ta hana ka ba.

Abin da za ka nema a jikin kujera shi ne lambar EN 14344, ƙa'idar Turai ta kujerun yara na keke. A ƙarƙashinta kujerar da ke zama tsakanin kan keke da mahayi ajin C15 ce, wato iyakarta kilo 15. A15 da A22 na baya ne. Lambar ta kasance a jikin kujerar ko a takardar kamfanin da ke cikin kwali. Kowa na iya buga ta a tallar intanet, don haka idan ba ka san sunan kamfanin ba, ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton tambarin.

Yanzu ɗauko tef ɗin awo, tunda a shagon kayan gini kake ba za ka rasa ba, ka tsaya a gefen keken. Dubi ƙarfen da ya haɗa inda kake riƙewa da firam, shi ne wuya, kuma iri biyu ne. Na tsohon yayi siriri ne, ya lanƙwasa kamar lamba 7, ya nutse cikin firam, noti ɗaya ne a ƙoƙon kansa, da wani babban noti mai kusurwoyi a gindinsa. Kaurinsa yawanci milimita 22.2 ne ko 25.4. Na sabon yayi kuwa kakkaura ne, daga waje ya rungumi bututun fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da noti biyu a gefe, akwai murfi zagayayye a sama, da 'yan zobba jere a ƙarƙashinsa. Bututun da ya rungumar yawanci milimita 28.6 ne. Keken hawan dutse ya fi zuwa da na biyun, sai dai masu araha da yawa har yau suna zuwa da na farkon, don haka da idonka za ka tabbatar.

Idan na tsohon yayi ne, auna tsawon miƙaƙƙen ɓangaren da ke fili tsakanin babban notin da inda ya fara lanƙwasa. Idan na sabon yayi ne, auna tsayin zobban gaba ɗayansu. Wannan gurbin ne mariƙin kujera zai zauna. Wasu mariƙan kimanin santimita 2 ya ishe su, wasu suna buƙatar kusan ninkin haka, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa a takardarsa, wadda za ka samu a shafinsa kafin ka biya. Wasu kujerun da mariƙin tsohon wuya kawai suke zuwa, na sabon wuya daban ake sayensa, wannan kuwa shi ne abin da ya fi kama mutane. Ka karanta abin da ke cikin kwalin da kyau.

Akwai dabaru biyu da ake yi idan gurbin bai isa ba, dukansu kada ka yarda. Na farko, a tsohon wuya, a kwance notin sama a jawo wuyan don a sami fili. A jikin wuyan akwai layi da aka zana, wanda ke nuna iyakar da za a iya fito da shi. Idan layin nan ya bayyana a waje, abin da ya rage cikin fok bai isa ya riƙe ba, wuyan zai iya karyewa ko ya fasa bututun, ga kuma sama da kilo goma na yarinya da kujera rataye a jikinsa. Na biyu, a sabon wuya, a sa ƙarin ƙarfe don tsawaita bututun sannan a ɗaura mariƙin a jikin ƙarin. Ba a yi shi don ɗaukar irin wannan kaya ba. Haka idan fok ɗin ko firam ɗin na kabon ne, wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba, kamfanoni sun hana matse mariƙi a kansu, domin kabon yana tsagewa daga ciki ba tare da ya nuna ba. Keken tsere mai lanƙwasasshen kai da keken naɗewa mai dogon wuya su ma ba na wannan aikin ba ne.

Awo na biyu na jikinka ne. Auna daga wuya zuwa sandar da ke ɗauke da sirdi. Idan bai kai kimanin santimita 50 ba, wuri zai yi muku kaɗan ku biyu. Ko ya kai, yi wannan gwajin da ba zai ci maka ko riyal ɗaya ba: sami kwali mai faɗin kamar santimita 30, ɗaure shi a bayan wuyan inda kujerar za ta zauna, ka hau ka zaga unguwa. Buɗa gwiwa kaɗan dole ne, kusan duk mai kujerar gaba haka yake taka feda. Amma idan gwiwarka tana bugun kwalin a kowane juyi, ko idan ka tsaya ba ka iya zamewa daga sirdi ka tsaya tsakaninsa da kwalin, kujerar gaske za ta fi haka wahala.

Dalilin matsalar a fili yake. Kujerun Yepp, waɗanda yanzu suke hannun kamfanin Thule na Suwidin, da na Bobike, asalinsu daga Holan suke, inda keken gari ke zaunar da mahayi a miƙe, kan keken yana sama ya lanƙwaso baya. Keken hawan dutse kuwa sunkuyar da kai yake yi, ƙirjinka ya zo daidai inda kan yarinya zai kasance. Ana gyara wannan da ɗan kuɗi: a canza kan keken da wanda ya ɗago sama ya karkato baya, a kuma sauke sirdi santimita 2 zuwa 3 yadda tafin ƙafarka zai sami ƙasa kana zaune. Idan an ɗaga kan, a duba wayoyin birki da na giya kada su ɗame idan an juya.

Kujerun da ake ɗaurawa a wuya tare da kan keken suke juyawa. Amfaninsu, sun matsa gaba sun bar maka fili. Illarsu, tuƙi yana nauyi, kuma matakan ƙafa na iya bugun firam su taƙaita maka kwana. Akwai kuma masu zama a kan wata sanda ta musamman da ake ɗaurawa daga gaban firam zuwa sandar sirdi, irin WeeRide. Waɗannan ba su juyawa, nauyi yana tsakiya, tuƙi ya fi sauƙi, ba ruwansu da zobban wuya, amma su suka fi buɗa gwiwa. Idan zobban kekenka ba su isa ba, nan za ka duba. Za ka kuma ga wasu da ɗan sirdi ne kawai da matakan ƙafa, irin Mac Ride da Shotgun, da ake tallatawa don keken hawan dutse. Ba su da jingina ba su da maɗaurin jiki, na 'yan shekara 2 zuwa 5 ne masu iya riƙe kansu, kada hotunansu su ruɗe ka, ba na Ummi ba ne yanzu.

A jikin kujerar kanta, maɗauri ne gaba da komai. Mai rassa biyar, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu, ya fi mai rassa uku riƙo, domin siririn yaro na iya zare kafaɗa daga mai uku idan ya karkace. Ɗaurin kamar na majanyi ne: idan ya yi sako-sako bai yi komai ba. Yatsanka ɗaya zuwa biyu su shige tsakanin maɗauri da ƙirjinta, kada ya wuce haka. Maɓallin ya zama wanda sai da hannu biyu ko matsa wuri biyu yake buɗewa, domin 'yar shekara ɗaya da rabi ba ta da aikin da ya wuce tona abin da ke gabanta. Matakan ƙafa su kasance masu hawa da sauka, masu bango ta ɓangaren taya, kowanne da maɗaurinsa. Jingina ta kai kafaɗa ko ta wuce. Sandar riƙo ta gaba mai soso ba ado ba ce: kujerar gaba ba ta kwantawa baya, yara kuma barci suke yi a keke da wuri, kai ya faɗo gaba. Sandar ce ke tare shi har ka sami inda za ka tsaya. Kada ka ci gaba da tafiya mai nisa da yarinya tana barci kanta na lilo.

Launi kuma, zaɓi mai haske. Baƙar roba tana shan rana. Gilashin tare iska da ake sayarwa daban an yi shi ne don sanyi da ruwan Turai, a Jidda hana ta iska kawai zai yi, ajiye kuɗinka.

Idan sabuwa ta yi tsada, ta hannu mai suna a Haraj, kasuwar kayan hannu ta intanet, ta fi sabuwar da ba ta da tambari. Amma je ka gani da ido. Tambayi mariƙin da notinansa da mabuɗinsa idan tana da shi, don sau da yawa an bar su a jikin keken da aka sayar. Shafa robar: idan ta yi fari-fari tana barin gari a hannu, rana ta cinye ta, za ta iya tsagewa. Dubi wajen ramukan noti ko akwai tsaga, ja maɗauran ko sun zaizaye, buɗe maɓallin ka rufe sau da yawa ka ji yana kamawa da ƙara. Wadda aka taɓa faɗuwa da ita, a bar ta.

Ɗaurawa a tsohon wuya ba wuya: mariƙin gida biyu ne, a rungumi wuyan da su, a sa robar cikin da ta dace da kaurinsa, a ɗaure notinan bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har ratar ɓangarorin biyu ta zo daidai. A sabon wuya, idan mariƙin irin mai maye gurbin zobba ne, aikin yana son natsuwa. Da alanki mai lamba 4 ko 5 za a kwance murfin sama, a sassauta notinan gefe, a zare wuyan, a cire zobba daidai kaurin mariƙin, a zura shi, a mayar da wuya. Bakin bututun fok ya kasance milimita 2 zuwa 3 ƙasa da saman wuyan, in ba haka ba murfin zai zauna a kan bututun ne, ba zai matse boris ba. Sannan tsarin ɗauri, wanda nan ake yawan kuskure: murfin sama ake fara ɗaurewa, a hankali, har wasan boris ya ɓace, a miƙe kan keken daidai da taya, sai a ɗaure notinan gefe. Ƙarfin ɗaurinsu yana rubuce a jikin wuyan, yawanci 5 zuwa 6 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti. Wanda ya fara da na gefe, murfin ba zai ja komai ba, gaban keken zai riƙa ƙwanƙwasa. Gwajinsa, matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya hannunka na kan gindin wuyan. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, a sake. Idan kuma ka ɗaga gaban, kan keken ya ƙi juyawa da kansa, an matse da yawa. Idan ba ka saba ba, kai wa mai gyaran keke tare da takardar kamfanin, ka tsaya a kansa.

Bayan ta hau, juya kan keken har ƙarshe dama da hagu ka ga ba wayar birkin da ta matsu ko ta lanƙwashe. Tunda kekenka mai shok ne, danna gaban da dukkan nauyinka ka ga matakan ƙafa ba su kusanci taya ba. Idan shok ɗin yana da makulli, kulle shi, domin shok mai laushi yana nutsewa idan aka taka birki, ya ƙara tura nauyi gaba. Fitilar gaba ma duba ta, kujera kan tare ta. Bayan fita biyu ko uku a sake bin notinan, sannan duk wata. Iskar teku tana sa tsatsa, ɗan giris a kan notinan yana taimakawa, sai dai kada ya taɓa inda mariƙin ya kama.

Hular kwano ba zaɓi ba ce. Auna kanta da tef ɗin tela, a zagaya ta saman gira. Yaran wata 15 galibi suna tsakanin santimita 45 da 47. Nemi mai tambarin EN 1078 ko CPSC, wato ƙa'idojin ingancin hula na Turai da na Amurka, marar nauyi, mai ramukan iska da yawa, kuma daidai kanta yau. Kada ka sayi babba wai ta girma a ciki, domin babbar hula zamewa take yi lokacin da ake buƙatarta. Ta zauna daidai, faɗin yatsa biyu sama da gira, maɗauran su haɗu a ƙarƙashin kunne, yatsa ɗaya ya shige ƙarƙashin haɓa. Wajen rufe maɓallin sa yatsanka tsakaninsa da fatarta. Matsa ɗaya ta fatar haɓa ta isa ta sa yarinya ta ƙi hula wata guda. Kitso mai tudu ko ƙwallayen gashi a tsakar ka suna hana hula zama, a gaya wa mai kitso. Idan kun sauka wajen lilo a cire hular, domin tana iya maƙalewa a ƙarfen wasa maɗaurin ya shaƙe ta. Kai ma ka sa taka.

Kafin Ummi ta hau, buhun shinkafa mai kilo 10 ne zai fara hawa. Ɗaure shi da maɗauran kujerar, ka sami fili marar motoci, ka gwada tashi, tsayawa, kwana a hankali, da birkin gaggawa. Za ka ji keken ya canza hali: a tafiyar hawainiya kan yana son faɗawa gefe, birki kuma yana ɗaukar tazara fiye da da. Saba da matse birki biyun tare, na baya ya ɗan riga, kana tura jikinka baya. Birkin gaba kaɗai da ƙarfi, ga nauyi a sama a gaba, shi ke ɗaga tayar baya. A tudun rage gudu ka sauko da gudu sosai ka miƙe hannuwa, kada haɓarka ta sari hularta. Gudun kilomita 12 zuwa 15 a awa ya isa. Iskar taya ka bi abin da ke rubuce a gefenta, ka tsaya tsaka-tsaki, don taya mai tauri sosai tana aika wa yarinya duk wata gargada.

Faɗuwa da yawa ba a kan tafiya take faruwa ba, a tsaye take faruwa, wajen ɗorawa da saukewa. Jak mai ƙafa ɗaya ba ya riƙe keke mai yaro a gaba, kan zai juya keken ya kife. Sa jak mai ƙafa biyu idan firam ɗin zai karɓa. Ko da shi, ƙa'idar ita ce Ummi ce ƙarshen hawa kuma farkon sauka, kuma muddin tana kai hannunka ba ya barin keken, ko da ruwa za ka miƙa hannu ka karɓa a baƙala, wato shagon unguwa. Ranar goyo a sa wando, jallabiya ta zauna a gida. Takalmanta masu rufi, ba igiya mai lilo, ba gyale.

Sai batun wuri da lokaci. Hanyar kekuna ta Kornish, wuraren tattaki na unguwanni, da lungunan da motoci ba su gudu, iyakarku ke nan. Titin Madina, Sittin, Falasɗin da ire-irensu, da shataletale, ba wurin keke mai goyo ba ne ko da tsallakawa ce. Gara ka sa keken a mota zuwa bakin teku. Daren Alhamis da na Juma'a Kornish yana cika da yara masu gudu da masu sikuta, safiyar Juma'a ko ta Asabar bayan asuba ta fi muku. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacinku. A watannin zafi, musamman Agusta da Satumba da laimar Jidda ke kai maƙura, ko dai sassafe ko a haƙura, domin a irin wannan laima gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, ƙaramin yaro kuma ya fi babba saurin zafafa, ga hula a kai. Taɓa kujerar da maɓallin da bayan hannunka kafin ka zaunar da ita. Fara da minti goma, ka ƙara a hankali zuwa rabin awa, a ba ta ruwa kafin fita da kowace tsayawa. Fuska ta yi ja, ta yi shiru irin wanda ba ta saba ba, jiki ya saki: inuwa nan take, a cire hula, a jiƙa mata jiki, a ba ta ruwa. Idan ba ta farfaɗo ba, ko bayan faɗuwa ta yi amai ko barci ya rinjaye ta, kira motar agaji a 997. Ranar ƙura ba fita. A gida kuma kada keken ya kwana ya wuni a rana da kujerar a kai, galibinsu da danna maɓalli ɗaya suke cirewa daga mariƙi.

Game da Maman Ummi, tsoronta yana da tushe, kada ka mayar da shi gardama. A kujerar gaba yarinya ce a sahun farko idan aka yi karo, wannan gaskiya ce. Ita ma gaskiya ce cewa tana tsakanin hannuwanka, kana ganin ta, za ka san ta yi barci ko ta zare hannu tun kafin abin ya zama matsala, wanda mai kujerar baya ba ya samu. Faɗa mata duka biyun. Sannan gani ya kori ji: ta zo ta kalli gwajin buhun shinkafa, ita ta zaɓi hular, ita ta ɗaure maɗauran ranar farko, ka yi zagayen farko tana tafiya a gefenku. Ku yi yarjejeniya a kan wuraren da za ka bi da lokacin dawowa, ka kuma cika. Idan bayan duk wannan hankalinta bai kwanta ba, ka jinkirta zuwa sanyi mai zuwa, lokacin Ummi ta ƙara ƙwari, sai ku duba kujerar baya ta ajin A22, wadda ke ɗaukar yaro har kilo 22, tana da doguwar jingina, wasu ma suna kwantawa don barci.

Idan kuma kun daidaita a kan ta gaba, ka riƙa ɗora Ummi a sikeli duk bayan wata biyu. Ranar da ta kai kilo 15, ko kafaɗunta suka wuce ramin maɗauri na sama, ko gwiwoyinta suka fara tokare kan keken duk da matakan suna can ƙasa, an gama da kujerar gaba. Zobban da aka cire da takardar kamfanin ka sa su a leda ka adana, da su za ka mayar da wuyan yadda yake, kuma duk mai saye a Haraj mariƙin da takardar zai fara tambaya.